Kawu da Agogon Ɗakin Gwajin Jini

Ranar da Kawu ya rasu, mutum uku suka kawo mana labari, kuma kowanne da lokacin da ya faɗa. Na farko ya ce da hantsi ne. Na biyu ya ce a'a, sai da rana ta take tsaka. Na ukun, wani ɗan kabu-kabu, ya zaro wayarsa ya karanto mana wani ƙarfe da bai zo daidai da na kowa ba. Inna, wadda ita ce yayar Kawu ciki ɗaya, ta yi salati ta zauna kan turmi, ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ce da ƙanenta na da rai da yanzu ya tara su ukun ya wanke su tas. Ta yi 'yar dariya, daga nan kuka ya ƙwace mata, sai da muka riƙe ta.

Mutane sun zo gaisuwa, amma ba kamar yadda ya kamata ba. Dangin Gummi rabinsu waya suka bugo, don hanya ba ta da kyau yanzu, kowa na tsoron 'yan bindiga. Mata daga ƙauyukan wajen Sunke sun zo a ƙasa, cikin ayari, kowacce riƙe da hannun yaro, suna cewa su wannan tsohon suka sani, mai gora. Wata Bafillatana ta ajiye ƙwaryar nono a bakin zaure ta ƙi shigowa, ta ce a gaya wa iyalinsa ita ce wadda ya taɓa bi da babur har ruga. Ladanin masallacin unguwa kuwa, abokin faɗan Kawu, bai ce wa kowa uffan ba. Yana zaune gefen tabarma yana juya agogon hannunsa, ya cire ya mayar, ya cire ya mayar.

Ni ban yi kuka ba a ranar, kuma zan faɗi gaskiya ko da za a zage ni. Tsoro ne ya riga baƙin ciki isowa. Abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne, ranar Alhamis ta makon gaba za a ɗebi jinin ɗiyata, kuma babu Kawu. Na ji kunyar kaina, amma haka abin yake. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don wanda bai san shi ba ya gane dalilin da mace za ta ji mutuwar kawunta sai gabanta ya faɗi saboda agogo.

Gidan su Kawu gidan malamai ne. Mahaifinsu, kakanmu, in ɗalibi ya kawo masa wani karatu, kafin ya saurara sai ya tambaye shi wurin wa ya karɓo, shi kuma wancan wurin wa, har a kai ga wanda aka yarda da shi. Kawu bai zama malamin zaure ba. Ya tafi Sakkwato ya yi aikin gidan waya shekaru da yawa, ya dawo yana gyaran rediyo da agogo, da girma ya kama shi kuma ya koyi kwamfuta, abin da ya sa tsaransa suka yi ta yi masa ba'a. Amma tambayar mahaifinsa ba ta bar bakinsa ba. Kan agogo kawai ya mayar da ita. In ka ce masa ƙarfe kaza ne, sai ya kalle ka ta saman tabarau ya ce, "Ga wa kak karɓo?" Muna yara mun tsani wannan tambayar. Ni da nake da saurin baki, na taɓa ce masa wurin jakin maƙwabta na karɓo, ya ce to in koma in tambayi jakin shi kuma wa ya ba shi.

Shi ya tsaya kai da fata sai da na gama sakandare kafin aka yi mini aure. Mijina manomi ne, da zinare ya bayyana ya shiga haƙa kamar kowa. Ana kawo dutse gida, a daka, a niƙa, a shanya a tsakar gida, yara na wasa cikin garin. Ba wanda ya san akwai dalma a ciki. Sai yara suka fara ciwo. Yaro na wasa da safe, da rana jiki ya sanƙare, ido ya kakkafe, kafin la'asar an ɗauko tabarma. Ban taɓa jin tsoro irin na shekarar nan ba. In ɗiyata ta yi shiru a ɗaki sai na ruga in girgiza ta, in ta yi kuka kuma in ce shi ke nan abin ya zo. Tana shekara uku lokacin, ita kaɗai gare ni.

Aka buɗe wani ɗan wurin jinya don yaran da gubar ta kama, aka kwantar da mu can. Akwai kwamfuta uku a wurin: ɗaya gaban likita, ɗaya a ɗakin magani, ɗaya a ɗakin gwajin jini. Kawu aka ɗauka ya kula da su, da janareto, da wayoyin da suka haɗa su. Aikin da aka ba shi ke nan. Shi kuwa ya ƙara wa kansa wani, wanda ba wanda ya roƙe shi.

Satinsa na farko ya lura ana kiran Azahar a makare. Ya duba agogon bangon ɗakin magani, ya duba kwamfutar ɗakin jini, ya duba na hannun Ladan, duka bakinsu ɗaya, kuma duka sun yi baya da kusan rabin awa in aka gwada da lokacin rediyo. Sai ya fara bin su da tambayarsa. Ladan ya ce shi da agogon bangon ɗakin magani yake saita nasa. Mai ɗakin magani ya ce shi kwamfutar ɗakin jini yake dubawa, ai kwamfuta ba ta ƙarya. Mai gwajin jini ya ce shi kuwa in ya ji Ladan ya kira Azahar sai ya mayar da kwamfuta ƙarfe biyu, tunda a garin nan ƙarfe biyu ake kira. Kawu ya riƙe baki. Ya ce su ukun kowa na riƙe da rigar ɗan'uwansa suna zagaye, kowa na zaton wani ne ya san hanya.

Ladan ya fusata. Ya ce tun Kawu na yawon gyaran waya yake kiran salla a garin nan, ba wanda ya taɓa ce masa ya makara. Kawu ya sami turke ya kafa a filin masallaci, ya ce Ladan ya koma duban inuwa kamar yadda mahaifinsa ke yi, don salla rana take bi, ba kwamfuta ba. Sati uku ba sa gaisawa. Rannan sai ga Ladan ya shigo, ya kwance agogonsa ya ajiye kan teburin Kawu, ya juya baya yana kallon bango har aka saita masa. Tun daga ranar kullum kafin Azahar sai ya biyo, Kawu ya duba masa, su yi ɗan faɗansu, ya wuce.

Kwamfutocin kuwa ya yi musu tsari. Ya mayar da ta likita uwa, ya hana kowa taɓa agogon sauran biyun da hannu, ya sa su riƙa tambayar uwar ta waya su gyara kansu. Ita kuma uwar tana karɓowa ta intanet daga wasu manyan agogo na nesa, ba ɗaya ba, ya ce uku ko huɗu, don in ɗaya ya kauce sauran su ƙaryata shi. Matsalar ita ce sabis ba ya sauka ƙasa a wurin. Sai ya samo wata doguwar gora, ya ɗaure ɗan modem, na'urar kama sabis, a kanta cikin robar ruwa da ya yanke, ya kafa ta jikin tankin ruwa. Kowace safiya za ka gan shi, tsoho da farin gemu, yana juya gora kaɗan-kaɗan yana leƙen taga har wata 'yar fitila da ke jikin uwar ta yi kore. Sannan ya kunna ɗan rediyonsa ya jira ƙarar nan da ake yi daidai kan awa kafin labarai, ya gwada. Mu matan da ke jinya muka sa masa suna mai kamun kifin sama. Ni na fi kowa tsokanarsa. Na ce masa yara na mutuwa shi yana kiwon minti. Ya ce mini maganin nan da lokaci ake ba da shi, jinin nan da rana ake ɗibarsa, in rana ta ɓace wa likita to yaron ma ya ɓace masa. Na ce Kawu dai da son dogon zance.

Akwai wani ɗan batir a cikin kowace kwamfuta, faɗinsa kamar kwabo, shi ke riƙe mata lokaci in an kashe wuta. Na kwamfutar ɗakin jini ya mutu. Duk sanda aka kashe janareto sai ta manta ranar da ake ciki, ta koma can wata tsohuwar shekara, amma da an kunna sai ta tambayi uwar ta dawo daidai, don haka ba wanda ya lura sai Kawu. Ya ce zai je Gummi ranar kasuwa ya sayo batirin wurin masu agogo, kwana biyu ya dawo, ai wayar da ta haɗa ta da uwar na nan. Damina ce. Washegarin tafiyarsa aka yi ruwa da iska, gora ta faɗi, ta tsinke wayar da ta ratsa zuwa ɗakin jini. Gulbi kuma ya kawo, ya tare Kawu a can har kwana biyar.

A cikin kwanakin nan aka sake ɗibar jinin yara. Mai gwaji ya yi aikinsa tsakani da Allah, ya rubuta sakamako, ya kwashe a ɗan filashi ya kai wa likita tunda waya ta tsinke. Ita kuwa kwamfutar likita jera sakamako take bisa kwanan wata, sabo a sama, tsoho a ƙasa. Likita ya duba na sama, ya ce jinin ɗiyata ya yi kyau, mu tafi gida mu dawo bayan wata guda. Wallahi na yi guɗa a ranar. Na ɗaure kayana, na goya ta, na yi ban kwana da mata, na fito bakin ƙofa ina neman abin hawa.

Nan Kawu ya same mu, ya sauko daga babur, wandonsa duk laka. Na gaya masa an sallame mu. Bai ce barka ba. Idonsa na kan gorar da ke kwance a ƙasa. Ya tambaye ni tun yaushe ta faɗi, na ce ni ina ruwana da gora. Ya ce in tsaya, kada in tafi. Na ce ba zan ƙara kwana ɗaya a wurin nan ba, na gaji da warin magani, na gaji da jin kukan mata, likita ya yi magana shi Kawu wane ne. Na faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa kawu, a gaban mutane. Na ce tsufa ne ke damunsa. Na ce ya bar ni da ɗiyata ya koma wurin agogonsa tunda su ne 'ya'yansa, alhali na san Allah bai ba shi haihuwa ba. Wannan maganar har yau tana ci mini rai.

Ya kama bakin zanen goyona ya riƙe, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Ɗiyata, zage ni yadda kika so, amma ba ki hita da yarinyag ga sai na ga ranar da anka rubuta."

Ya ja ni har ɗakin gwaji. Ya nuna kusurwar allon kwamfutar da yatsa. Shekarar da ke rubuce a wurin ko aure ba a yi mini ba. Ya wuce wurin likita, ya roƙe shi ya gangara can ƙasan jerin. Sai ga sakamakon ɗiyata na kwana biyu da suka wuce, kwance a ƙarshe, da kwanan watan da ya girmi haihuwarta. Wanda likita ya duba a sama na makonnin baya ne, lokacin da magani ya fara aiki. Sabon ya nuna gubar ta sake hawa, ta hau sosai. Na ga fuskar likita ta canza. Na zauna a ƙasa da goyo a bayana, ina jin numfashinta a wuyana, ina tunanin da mun kama hanya, ƙauyenmu ba mota sai ranar kasuwa.

Aka mayar da mu gado. Kwana biyu bayan haka, da hantsi, jijjiga ta kama ta a hannuna. Nas na kusa, allura na kusa, aka shawo kanta. Da a gida ne da ba wannan labarin nake rubutawa ba.

Amma ba mu kaɗai aka sallama a kwanakin nan ba. Kawu bai ko wanke ƙafa ba, ya karɓi sunayen yaran da ƙauyukansu, ya hau babur ya bi su ɗaya bayan ɗaya cikin taɓo. Bafillatanar nan mai ƙwaryar nono, a ruga ya cim mata, ta ɗauka ɓarawon shanu ne ta fito da sanda. Ya dawo da su duka, sai ɗaya. Wani ƙauye ta wajen Bukkuyum, ya isa ya tarar da tabarmi a ƙofar gida. Likita ya ce masa yaron ya riga ya galabaita tun farko, ba lalle ko an riƙe shi ya tashi ba. Inna ta ce masa kwana ne ya ƙare. Ya ce ya sani, ya yi imani da haka, amma ya san kuma sati biyu batirin na mace kafin ya tafi sayowa, yana cewa gobe. Bai ƙara maganar ba har ya bar duniya. Sai dai tun daga lokacin ba a taɓa ganinsa ba tare da 'yan batiran nan a aljihun gaba ba, a ƙulle cikin leda, ko sallar Idi zai je.

Na je ba shi haƙuri bayan an sallame mu da gaske. Na durƙusa na fara magana, ya katse ni, ya ce in tashi in riƙe masa gora zai ɗaura sabuwar waya. Na riƙe. Yana ɗauri yana koya mini: in fitila ta yi kore ga inda ake dubawa, ga inda uwar ke nuna wurin wanda ta karɓo da lokacin da ta karɓo, ga yadda ake gane sauran biyun sun tambaye ta. Na ce ni mace mai miji ina zan kai wannan. Ya ce in dai riƙe. Haƙurin da ya karɓa ke nan.

Dalma ba ta barin jiki da wuri. Likitoci sun ce takan ɓoye a ƙashi ta riƙa fitowa, don haka har yau, ɗiyata ta kai shekara goma, muna zuwa gwaji lokaci-lokaci. An kwashe ƙasar gidanmu an zuba sabuwa, mijina ya bar kawo dutse gida, amma tsoron bai tafi ba. Duk sanda aka ce mini jininta ya yi kyau, ba na murna sai na leƙa ɗakin Kawu ya gyaɗa mini kai. Shekara bakwai wannan gyaɗa kan nake dogara da shi. Da hanya ta lalace, ma'aikata suka yi ta neman canjin wuri, shi bai tafi ba, ya ce wa zai juya gora.

Ranar sadakar uku ne Ladan ya buɗe baki. Ana ta musun lokacin rasuwar, sai ya ce su bari, shi ya sani. Ya biyo a duba masa agogo kamar kullum, ya tarar da Kawu a kujera, kansa kan tebur, rediyo na magana, jikinsa da ɗumi. Ya ce ya leƙa wurin likita ya duba allon uwar, don ya san nan ne kawai ba za a yi masa gardama ba, ƙarfe ɗaya da minti goma sha biyu. Inna ta ce to wannan ta yarda, an san wurin wanda aka karɓo. Da aka kawo mata rigarsa, ta laluba aljihu ta ciro ƙullin ledar, ta miƙo mini.

Ranar Alhamis muka je, ni da ɗiyata, bakina ɗauke da addu'a tun daga gida har muka sauka. Aka ɗebi jini, muka jira. Sabon ma'aikaci ne a ɗakin gwajin, mai fara'a, bai san ni ba. Ya duba ya ce, Hajiya, jini ya yi kyau, sai ku tafi. Ɗiyata ta miƙe tana gyara hijabi. Ni na kasa tashi. Na leƙa taga, sai na ga gorar ta karkata, robar na kallon ƙasa, kwana tara ba wanda ya taɓa ta.

Na ce masa, "Kwamfutag ga, ga wa tak karɓo lokaci yau?"

Ya yi dariya, ya ce ai kwamfuta ba ta ƙarya. Ban zage shi ba, ko da yake bakina ya yi ƙaiƙayi. Na fita na kama gorar. Tana da nauyi, ban san yadda tsoho ke ɗaga ta shi kaɗai ba. Ladan na wucewa zuwa masallaci, ya tsaya, ya naɗe hannun riga ya kama mini. Muna juyawa kaɗan-kaɗan, ɗiyata na bakin taga, har ta ce fitila ta yi kore. Na shiga na duba inda Kawu ya nuna mini. Uwar ta karɓo, sauran biyun sun tambaye ta, kwanan watan da ke kan sakamakon na ranar ne. Jinin ya yi kyau da gaske.

Sai a lokacin na waiwaya wajen ɗakinsa, don in ga ya gyaɗa kai. Kujerar na nan, ba kowa a kai. Nan kukan da na riƙe kwana tara ya zo, a tsaye, da ƙullin batir a hannuna. Ladan ya jira har na yi shiru, sannan ya kwance agogonsa ya miƙo mini, ya juya yana kallon bango.

Allah Ka yi wa Kawu rahama, Ka yafe masa goben da ya yi ta cewa, Ka yafe mini abin da na faɗa masa a bakin ƙofa. Na saita wa Ladan agogonsa, ya tafi ya kira Azahar.